Ƙugiyar Ƙauyen Alu

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya a Gyadi-Gyadi. Mu biyu muke rubuta manhajar rajistar ɗalibai ta wasu makarantun Tarauni, ni da wata 'yar Filato da nake kira Sista. Kowace mazaɓa da foldarta, inda muke ajiye bayananta a kwamfuta. Ƙa'idar aikin, kafin kwamfuta ta haɗa sabuwar manhaja sai ta share tsofaffin foldoji tukuna.

Wata Litinin sai ta ƙi. Ta fara sharewa, ta cije, wai da sauran kaya a ciki. Na goge da hannu, ta haɗa sau ɗaya, a na biyu ta koma gidan jiya. Kai! Na kashe, na kunna, na zage ta tas. Kwana uku ana abu ɗaya, hedimastoci sun hana wayar Oga, mai kamfaninmu, sakat.

Haushi ya kwashe ni, na ce wa Oga laifin Sista ne. Ai ita ce kullum take damuna a canza laburare, wato tarin umarnin da wasu suka rubuta muke ara, wai namu ya tsufa. Na ce tabbas ta taɓa shi a ɓoye. Oga ya ce in Juma'a ta yi ba a gyara ba, ta nemi wani aikin. Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Ranar Alhamis ta jawo kujera kusa da ni.

"Malam, karanta min sunan foldar nan."

"Ƙauyen Alu."

"Wa ya sa mata ƙugiya?"

Ni ne. Satin da ya wuce na ga ta rubuta Kauyen, na yi mata dariya, na ce shekara goma a Kano har yau ba ki san Ƙ ba, na gyara ina ta hura hanci. Ashe tsohon laburaren da na kafe a kansa bai san wannan harafi ba. Tsallake foldar yake yi, sannan ya dawo yana kukan ba a share ba.

Na cire ƙugiyar, manhaja ta haɗu nan take. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ta yi haƙuri.

"Haƙurin da ƙugiya ko babu?" in ji ta, ba ta ko murmusa ba. "Oga yana ƙasa, Malam. A gabansa ka faɗi wancan, a gabansa za ka faɗi wannan."

Na miƙe na nufi matakala, ta biyo ni a baya.