Marlys Mai Duba Mota Sau Tara

Shekara ashirin da shida Marlys Tollefson tana jan motar 'yan makaranta a ɗan garinsu na arewacin jihar Minnesota ta Amurka, inda ubanta ya yi kiwon shanu har ya mutu. Dokar aikin sananniya ce: in ka sauke yara, ka taka har ƙarshen mota, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko wani ya yi barci, sannan ka rataya allon "ba kowa" a gilashin baya. Kowane direba sau ɗaya yake yi. Marlys sau tara. Wani lokacin sai ta isa gida ta ɗora tukunya, zuciya ta ce mata akwai yaro a kujerar baya, ta kashe wuta ta koma cikin ƙanƙara.

Hukumar makaranta kuwa lambar yabo ta ba ta, har da kek mai siffar mota. Mace na ƙonewa a tsaye, su suna tafi.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Sai 'yarta tilo, Jolene, ta taso da wankin hannu, wanki har fata ta tsattsage. Matan coci, masu bakin da bai san hutu ba, suka yanke hukunci a kan kofin kofi: uwar ce ta takura wa yarinya da tsabta. Marlys ta ji, ta kuma yarda. Jolene ma ta ji. Ta tattara ta koma birni, waya sai ranar Kirsimeti, ita ma gaisuwa ce a tsaitsaye.

Ana nan sai likitar da ke duba Jolene kan wankin hannun ta nemi wani babba daga gida, don a ji tarihin dangi. Marlys ta sa rigar coci ta tafi kamar mai zuwa kotu.

Likitar ta tambaya ko akwai wani a dangi mai maimaita abu ya kasa bari. Jolene ta ce babu, ita kaɗai ce. Marlys ta dubi hannayen 'yarta, bakinta ya kuɓuce, ta zayyano zancen motar kaf.

Likitar ko a jikinta. Ta ce akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa mai kaɗa ƙararrawa in an yi kuskure, na wasu kuwa in ya fara ba ya shiru ko an gyara. Ta ce abin yakan bi jini, ko da yake ba jini kaɗai ba ne, kuma son tsabtar uwa ba ya haifar da shi. Akwai magani, akwai horo.

"Wato nama ne," in ji Marlys. "Kamar ciwon gwiwata."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da majina. Jolene ta harare ta, ta cije leɓe, ita ma ta ɓarke. Da ƙyar suka kai mota.

Nan take Marlys ta kira yayarta Arlis a waya, ta buɗe murya don Jolene ma ta ji. Da farko Arlis ta ce ita ba ta san wannan shirmen ba, kuma abincinta na kan wuta. Da aka matsa mata ta ce, to, takan taɓa makunnin murhu sau goma sha biyu, amma ai wannan hankali ne. Ta tuno babansu da ba ya cin abinci sai ya koma ya jijjiga ƙofar garke har miya ta huce. Ta tuno Baffa Orville mai juya mota ya duba ko ya take wani, har ya makara a ɗaurin aurensa.

"Yaya, ashe gidanmu ko mutum ɗaya bai tsira ba."

"Ke dai faɗi naki. Ni lafiyata ƙalau. Bari in duba murhu."

Jolene na share hawaye ta ce, "An sayar da gona, an sayar da shanu, wannan ne kuka ga ya dace ku bar mini?"

Da dariya ta lafa, sai ta ce shekara shida tana jin haushin uwarta a banza. Marlys ta ce kada ta damu, ita ma ta taya ta jin haushin.

Suka koma cikin asibitin don a sa wa Marlys tata ranar ganin likita. Ma'aikaciyar rajista ta ce akwai Litinin. Jolene ta ce a'a, a haɗa da tata ta Alhamis.

"Sai ki kwana wurina, Mama. Amma tawul ki zo da naki."