Butar Loretta a Ƙarƙashin Bargo

A garinmu, inda gonakin rake suka ƙare fadama ta fara, akwai ƙaramin asibiti mai hawa biyu, a saman kuwa akwai Loretta Thibodeaux. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Akawun sashen kwanciya ce, mai ɗaga waya da nuna wa ɓatattu hanya. Na ƙarar da ƙuruciyata ina yi wa ruwa da farin wata waƙa. Sai da ciwon gwiwa ya mayar da ni ɗan gida a benen nan na gane abin yi wa waƙa yana bayan teburin Loretta, yana tafasa.

Butar gahawa ce ta lantarki, gadon mahaifiyarta. Jikinta ya lotsa, murfinta na rawa, in ta ɗauki zafi sai ta dinga gunaguni kamar tsohuwar da aka zauna wa a benci a coci. Duk wanda ya zo jinyar nasa, Loretta kan miƙa masa kofi ba tambaya. Na ga ƙaton namiji ya fito daga ɗakin matarsa fuska kamar toka, ya riƙe kofin nan da hannu biyu har jini ya dawo masa.

Sai dai butar haramtacciya ce. Haka kowa ya tarar ana faɗa. Masu duba asibitoci kan faɗo ba sanarwa, su leƙa kowane lungu, abin da suka rubuta kuma shi ke ɗaga sunan asibiti ko ya sauke shi. Da sun sa ƙafa a ƙofa, sai wata murya mai zaƙi ta fito ta lasifika tana yi wa manyan baƙi maraba. Ba don baƙin ake yin marabar ba. Kafin muryar ta sauka, kofuna sun shige aljihun tebur, biredin nas-nas ya ɓace, katakon da aka tokare ƙofa da shi ya sha ƙafa. Buta kuwa sai ta tafi buɗe ido. Ta taɓa zama a kwandon wanki. Ta taɓa yini a motar fada, limamin cocinmu, tare da kayan addu'a.

Ana nan aka ɗauki Yolanda Batiste aikin kula da bin ƙa'ida. Loretta ce ta riƙe ta ranar baftisma, shi ya sa Yolanda ke ce mata Nanan, wato uwar baftisma.

"Nanan, shugaban asibiti ya yanke magana. In masu dubawa suka kama butar nan da laifi, ta bar ginin nan ke nan."

"Ke da na riƙe kina tsala ihu a gaban fada? Da gahawar nan ubanki ya jira haihuwarki."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina."

"Yanzu kina ganinta ne?"

"Ga ta nan ina kallo, Nanan."

"To, daina kallo, 'yata. Wuyanki zai ƙage."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, baƙin suka ƙi jiran lif suka biyo matakala. Marabar lasifika ta iske su a tsakiyar bene. Buta ta tafasa ke nan, kwandon wanki ya yi nisa, fada bai zo ba. Wanda ke kusa shi ne Ovide Guidry, tsohon mai kamun jatan lande da aka sauya wa ƙashin ƙugu, yana zaune a keken marasa lafiya yana jiran kofinsa. Ni ina benci gefensa da sandata.

Loretta ta fizge waya daga bango, ta naɗe butar da tawul, ta ɗora masa a cinya, ta rufa bargo.

"Mis Loretta, ƙugu kawai aka sauya min," in ji shi. "Sauran kayan na asali ne, ba su da madadi."

"Yi shiru, tsohon kada. Yi fuskar ciwo."

"Ba sai na ƙirƙira ba."

Shugabar baƙin doguwar mace ce, Misis Halvorsen, mai tabarau a ƙarshen hanci. Al'adarsu ce su zaɓi majinyaci ɗaya su zauna su ji ta bakinsa. Ta dubi sashen kaf, ta zaɓi Ovide.

"Yaya ake kula da kai, Mista Guidry?"

"Ba a taɓa ɗumama ni haka ba, madam."

Bargo ya yi gunaguni.

"Cikinka ne?"

"Kusa da nan ne."

"Gumi kake yi. Kana jin zafi?"

"Daga ƙasa yake tasowa."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ce ana muku maraba."

Wani siririn tururi ya silalo ta gefen bargo, ya hau sama a hankali kamar addu'ar mai kunya. Ƙamshi ya cika wurin. Misis Halvorsen ta sunkuya, ta ɗago wayar da ke reto a gefen taya.

"Wannan wutsiyar ma da ita aka haife ka?"

Ta yaye bargon. Yolanda ta runtse ido. Loretta ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji, kamar za a rufe kabari. Baƙuwar ta sauke butar daga cinyar tsoho da sauri, ta sa nas ta duba fatarsa, sannan ta ɗaga butar ta leƙa gindinta.

"Ina sitikarta?"

"Wace sitika?" in ji Loretta.

"Ta mai gyaran lantarkinku. Ya gwada ta, ya manna, ku ajiye ta nesa da teburin aiki. Wa ya ce muku an hana?"

Aka shiga kallon juna. Nas ta ce daga wadda ta koya mata aiki ta ji. Loretta ta ce tun zuwanta ake ɓoyewa. Yolanda ta ce ita da ta tarar ana gudu da butar, ba ta ga dalilin tambaya ba. Shekara da shekaru muna tseren ɓoye abu, ba wanda ya tsaya ya tambayi me ake gudu.

"Butar ba ta yi min komai ba," in ji Misis Halvorsen. "Abin da zan rubuta shi ne an ɗora wa majinyaci tafasasshen ruwa a cinya. Wannan ba sitikar da ke gyara shi."

Haka aka yi. Laifin ya hau kan Loretta, aka tura ta ajin koyon kare lafiyar majinyata. Malamar ajin Yolanda ce, ta kuma sa Nanan ɗinta a kujerar gaba. Mai gyaran lantarki ya sauya wa butar waya, ya manna mata koriyar sitika, aka ba ta ɗan ɗaki mai ƙofa a ƙarshen baranda. Ovide ya tafi gida da ƙugunsa da sauran kayansa lafiya, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne ya ƙyanƙyashe butar.

Makon jiya na hau benen don gwiwata. Loretta ta miƙo min kofi, ta tsaya tana kallon bakina.

"Faɗi gaskiya, mawaƙi. Tun da aka halatta ta, ba ta rage daɗi ba?"

Na kurɓa. Baƙa wuluk, da ɗacinta, yadda take tun farko.

"Ta ɗan rage," na ce.

"Na faɗa wa yarinyar nan," in ji ta, ta ƙara min.