Ranar da Kakata Ta Je Filin Ƙwallo

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Ga wata nan na ɗauko muku, ba kuwa ƙagagga ba ce, a gaban idona aka yi ta.

Shekaranjiya da la'asar ina tsintar shinkafa a tsakar gida, sai na ji jikokina sun kaure da gardama a ƙofa. Wai kulob ɗinsu na ƙasar Turawa ya sayi sababbin 'yan wasa. Wannan ya ce ɗan gaban da aka kawo shi zai ciyo musu kofi, wancan ya ce ai tsoho ne, gara a bar yaron da ke tasowa ya samu wuri. Ni ban san kulob ɗin ba, ban taɓa zaman aji ba balle in karanta abin da ke jikin rigunansu. Amma irin wannan gardama na san ta. Sai na ajiye faifan, don na ji kamar ga ni tsaye a gefen teburin mai shayi a Karmo, ina yarinya, da farantin dafaffiyar gyaɗa a kafaɗa.

A kafaɗa na ce, ba a ka ba, ku riƙe wannan. Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma a wurinmu ba a ɗora wa kai kaya. Itace ne, tulu ne, doya ce, duk a kafaɗa ake ɗauka. Haka muka taso muka tarar, an ce kai yana ɗauke da tunanin mutum, wannan nauyin ya ishe shi.

A shekarun nan ana ta faɗin gwamnati za ta taso daga Legas ta dawo nan. Mu dai abin da muka gani shi ne katafila tana ture bishiyoyi, jar laka tana gangarowa cikin rafinmu da damina. Maitama da ake ambata yanzu da girmamawa, ciyawa ce da duwatsu, mazanmu kan je farauta. Kafin mu ankara Karmo ta cika da baƙi masu neman aikin gini, an kakkafa bacoci na kwano har bakin gonakinmu.

Babana ma ya bar gona rani guda ya shiga leburanci a wani kamfani. A can kowa a ka yake ɗaukar kwanon kankare ya hau tsani. Shi ya ɗora a kafaɗa, aka yi ta yi masa dariya, oga ya ce yana ɓarar da kankare, sai ya mayar ka. Bai rufa wata biyu ba ciwon kai ya kwantar da shi, kwana kaɗan ya rasu. Ni yanzu na san kwana ne ya ƙare. Amma kakata, wadda ta haife shi, ba ta taɓa yarda da haka ba. Bayan an share makoki ta kira yayana, shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, ta dafa kansa da hannu biyu, ta sa ya yi mata alkawari cewa muddin tana numfashi ba zai ɗora wa kan nan komai ba, ba kuma zai tare komai da shi ba. Ta ambaci ƙwallo da bakinta, don ta taɓa ganin yara suna dukanta da goshi a bayan gida.

Yayana kuwa ɗan ƙwallo ne na gaske. Shekarunsa sha bakwai ko kusa da haka, dogo, a baya yake wasa a kulob ɗin unguwarmu, wanda baffana ƙanen babana yake shugabanta. In ƙwallo tana ƙasa ba mai wuce shi. In ta taso sama kuwa, sai ya ja da baya ya jira ta a ƙirji. Tsakanin ƙauyukanmu wannan bai taɓa zama matsala ba, kowa a ƙasa yake bugawa. Amma leburorin sansanin da ke ƙetaren rafi suka zo da wasan sama. Suka ci mu biyu da kai, duka biyun a gaban yayana, yana tsaye yana kallo.

Wannan ya sa baffana ya fita sayen 'yan wasa. Kada ku za ci irin na yanzu ne. Sayen ɗan wasa a lokacin shi ne a kai masa doya, a ba shi ɗakin kwana a cikin gida ya huta da zafin baca, a ce matan gida su riƙa zuba masa tuwo. Da haka ya samo mutum uku: wani kafinta Ibo mai gudun tsiya, wani birkila mutumin Jos wanda aka ce shi zai zama koci, da wani lebura Bakatsine, dogo kamar falwaya, wanda kansa ya fi ƙafarsa iya ƙwallo.

Sati guda ba a yi wata magana a teburin mai shayi ba sai tasu. Ni ina tsaye da gyaɗata ina ji. Mai shayin, Bakano ne mai barkwanci, ya ce kafintan nan in ya ruga sai ka ɗauka wani abu ya ɗauko a kasuwa. Tela, wanda shi ne golanmu, ya ce gudu ba ƙwallo ba ne, ya gan shi ya wuce raga ya bar ƙwallon a baya. Baffana ya ce su dai jira, bana 'yan sansani sai sun raina kansu. Wani ya ce Bakatsinen nan ya tsufa, furfura ce yake askewa. Daga nan sai magana ta juyo kan yayana, kullum can take ƙarewa. Kowa ya yarda duk Karmo babu yaro mai tasowa kamarsa, har ana cewa in ya daure wata rana sai an ji sunansa a rediyo.

"Yaro kam yaro ne," in ji mai shayi, yana ɗaga shayi sama yana zubowa. "Amma ɗan baya babu kai, ai gida ne babu jinka."

Baffana ya san alkawarin, ya kuma riga ya je ya roƙi kakata ta sassauta, ta juya masa baya.

Birkila bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya kira yayana a fili ya ce masa ko dai ya fara sa kai, ko Bakatsine ya karɓi wurinsa. Yayana ya ce ba zai iya ba. Daga ranar ya koma gefen fili yana zaune a kan dutse, yaran da a da suke riƙe masa takalmi suna wucewa ta gabansa.

Lokacin ruwa ya ɗauke, ana tonon doya, manyan motoci suna zuwa ɗauka. Yadda ake lodi shi ne mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa yana wurgo doya ɗaya bayan ɗaya, wani a saman mota yana cafewa yana jerawa. Na saman shi ne mai wuyar aiki, don doya in ta bugu ko ta karye, kafin a kai kudu ta ruɓe. Tun yayana yana ƙarami shi ake ɗorawa sama, direbobi ma shi suke tambaya. A cikinsu akwai wani da ya daɗe yana zuga shi ya bi shi Legas ya zama yaron mota.

Wata rana na hau rumbu ɗebo dawa, sai hannuna ya taɓa buhu. Na kwance, na ga rigunan yayana biyu, da wandonsa na zuwa coci, da takalmin ƙwallonsa a naɗe. Motar direban nan kuwa ranar kasuwa za ta tashi, saura kwana uku. Samari biyu daga unguwarmu sun taɓa bin irin wannan mota, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Na tuna babata ita kaɗai a gona. Kwana biyu ina riƙe da maganar, tuwo ba ya shiga. A rana ta biyu na samu kakata tana saƙa igiya a inuwa, na durƙusa na faɗa mata.

Ba ta ɗago ba sai da ta ƙarasa ƙullin da take yi. Sannan ta ce in ɗauko mata sandarta da kujerarta.

Kakata ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba. Da la'asar ɗin nan da ta iso, ni ina biye da kujera a kafaɗa, sai wasa ya tsaya. Ta yi musu hannu su ci gaba. Ta zauna tana kallo, ta daɗe ƙwarai, har inuwar ɗorawa ta iso ƙafarta. Yayana yana can kan dutsensa ya sunkuyar da kai. Can sai ta kira baffana, ta nuna tela da sanda, ta tambaya wane ne mai tumbin nan da shi kaɗai yake kama abin da hannu ba a ce masa komai. Baffana ya ce gola ke nan, shi doka ta yarje masa. Ta ce to me ya sa yake bari yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Mutane suka fara ƙunshe dariya. Gaskiyar maganar, tela shi ya ɗinka wa kulob riguna, shi ya sa ba wanda ya iya ce masa ya fita.

Ta juya ga birkila, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Kai ne oga a nan? Yaron nan yana kama doya a kan mota tun bai kai kafaɗata ba, ko ɗaya bai taɓa karyawa ba. Wannan abin naku ya fi doya nauyi?"

Birkila ya ce, "A'a, Mama, bai kai ba."

"To ka sa shi inda ake sa hannu."

Mai shayi, wanda ya bar teburinsa ya biyo kallo, ya ce, "Kaka, in ƙwallo ta nufo kansa fa?"

"Me aka ba shi hannu ya yi?"

Kowa ya dubi tela. Mun ɗauka zai yi fushi. Sai ya tuɓe rigar golan nan ruwan ɗorawa, ya ce wallahi damina biyu ke nan gwiwarsa tana hana shi barci, yana jira wani ya ce ya huta, ba wanda ya ce. Yayana ne ma ya tsaya gardama, wai raga wurin wanda bai iya ƙwallo ba ne. Tela ya ce to an gode. Aka yi dariya, shi ma yayana sai da ya murmusa, ya karɓi rigar, ta yi masa yawa a ciki ta gaza a tsawo.

Birkila ya fara buga masa. Ta farko ta shige, bai ko motsa ba. Ta biyu ya kama. Daga nan sai hannunsa ya tuna aikinsa. Ba ya dukan ƙwallo ya ture, tarbarta yake yi ya jawo ta ƙirji a hankali, kamar mai tsoron ta fashe. Aka ce kafinta ya ɗago ta daga kwana Bakatsine ya sa kai. Bakatsine ya yi tsalle, yayana ya yi tsalle ya ɗauke ta a saman kansa. Sau uku ana yin haka. Bakatsine ya tsaya yana haki, ya ce a daina wahalar da shi, yaron nan gola ne. Kakata ba ta jira ƙarshe ba, ta miƙe ta ce in ɗauko kujera.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don bai ce wa kowa ya fasa ba. Ranar kasuwa da safe na leƙa rumbu, babu buhu. Na ruga bakin hanya. Ga motar, ga yayana a sama yana cafe doya. Na tsaya a gindin mangwaro ina kallo har aka gama lodi, aka ja tampol aka ɗaure. Direba ya tayar da mota, ya danna oda, ya leƙo ya yi masa magana. Yayana yana tsaye a kan kaya, ya daɗe yana duban hanya. Sannan ya kama ƙarfe ya sauko, ya buga jikin motar sau biyu, ta tafi.

Na zauna a ƙasa a gindin mangwaron. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce bakina ya fi rediyon mai shayi, in tashi mu tafi gida. Da muka je na ga rigunansa a rataye a ɗaki, ashe tun daren jiya ya kwance buhun.

Wasan da muka sake yi da 'yan sansani mun ci ɗaya, Bakatsine ne ya jefa da kai, su kuwa ba su samu ko ɗaya ba.

To ga yadda kowa ya ƙare. Kakata ta ƙara damina huɗu, ba ta sake zuwa fili ba, ba ta kuma taɓa tambayar wa ya ci ba. Baffana ya riƙe kulob har filin ya zama gidajen haya, daga nan aka watse. Birkila ya koma Jos da aikin gini ya ja baya. Kafinta ya buɗe shago, 'ya'yansa ne a ciki yanzu. Bakatsine ya auri 'yar unguwarmu, a Karmo aka binne shi. Tela ya rayu har ya makance, yana gaya wa kowa shi ya koya wa yayana tsaron raga. Mai shayi ya tafi gida wata salla bai dawo ba.

Yayana ba a taɓa jin sunansa a rediyo ba. Ya tsare raga shekaru masu yawa, yatsunsa biyu sun karkace har yau. Da gari ya cinye gonarmu, shi ya ɗauki babata suka koma wajen Yangoji, ya sari sabuwar gona, a hannunsa ta cika. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurena, shi ya ba da ni. Yanzu ya tsufa, ba ya iya hawa mota. Amma duk shekara in an yi tono, sai an buga mini ƙofa da sassafe, in fito in tarar da doyarsa a jere a zaure.