Hotunan Ƙunshin Inna Gumsu

Jawahir ta Fagge ba ta iya ƙunshi ba, kuma a gidansu wannan abin kunya ne. Kakanninta daga Borno suka zo, tun zuwansu matan gidan ke yi wa amaren unguwa lalle. Ita kuwa in ta yi zane, sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan hannun amarya. Sai ta kama koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, inda babu mai tambayar ta zanen fulawa.

Ƙanwar mahaifiyarta, Inna Gumsu, ita ta riƙe sana'ar. Shekara arba'in tana zane, duk a kanta yake. Da hannunta ya fara rawa ta daina karɓar amare, hankalin Jawahir ya tashi, don babu wadda ta zauna ta koya. In Inna ta ajiye, zanen gidansu ya tafi ke nan.

Abin da ya rage hotuna ne wajen ɗari uku, waɗanda Jawahir ke ɗauka duk biki tana tarawa a ma'ajiyar intanet. Ta yi wata biyu tana haɗa 'yar manhajar waya, don mai son koyo ta buɗe ta gani. Ta kwafo adireshin kowane hoto ta saka. Da ta buɗe manhajar, ko hoto ɗaya bai fito ba, sai fararen akwatuna a jere.

Ta tafi Kasuwar Sabon Gari wajen Obiageli mai gyaran waya, haihuwar Kano, wadda suka yi ajin kwamfuta tare. Obiageli ta duba, ta yi dariya.

"Ke malama guda! Adireshin shafin da ke nuna hoton kika saka, ba na hoton kansa ba. Kamar ki aiko mutum wajena ne ki ce masa Sabon Gari kawai, babu lambar shago."

Ta nuna mata lambar hoton a tsakiyar adireshin, da yadda za ta ciro ta, ta haɗa adireshin da ke kaiwa ga hoton kai tsaye. Ta ce, "Amma sai kin buɗe ma'ajiyar, duk mai adireshi ya iya gani. Danna nan."

Jawahir ta kai yatsa, sai ta tsaya. Amaren nan a ƙuryar ɗakin iyayensu ta ɗauke su, babu mayafi, wasu da ɗaurin ƙirji. Sun bar ta ne don 'yar gida ce.

Ta ce, "Matan mutane ne yanzu. Ba ni da izini."

Ta koma gida ta yanke kowane hoto, ya rage hannu da ƙafa kawai, ta zuba a sabuwar ma'ajiya, tsohuwar ta bar ta a kulle. Duk da haka ba ta saki manhajar ba, don a Fagge ko zobe aka gani sai an faɗi mai hannun. Wata uku tana bin gidaje Asabar da Lahadi tana neman yarda. Wasu suka yi murna, wasu suka ce sai an tambayi maigida. Wadda ƙunshinta ya fi na kowa kyau ta ƙi, Jawahir ta goge hoton a gabanta, ta fito tana share hawaye. Hotuna ɗari da goma sha bakwai suka rage, kuma wannan karon duk suka fito a manhajar, sai ta sake ta ga masu son koyo.

Inna Gumsu ba ta ko kalla ba. Ta ce hoto a waya ba ƙunshi ba ne.

Bayan ƙaramar Sallah, Jawahir ta raka Inna asibiti. Cunkoso ya tsayar da adaidaitarsu a mahaɗar titin Bata, sai Inna ta kama hannun wata budurwa da ke zaune kusa da ita.

"'Yata, wa ya yi miki wannan?"

"Wata Kamila ce a unguwarmu, Inna. A waya take gani, wai zanen wata tsohuwa ne a Fagge."

Inna ta juya hannun, ta daɗe tana dubawa. Jawahir ta leƙa, ta gane zanen cikin manhajarta ne.

Inna ta ce, "Wannan na uwata ne. Kamilar ta yi ƙoƙari, amma ta cika kauri a wajen yatsu. Ki ce mata ta zo Fagge ran Laraba, ta tambayi gidan Gumsu. Hannuna ne ke rawa, bakina ƙalau yake."