Shuɗin Littafin da Ban Mayar Ba

Ranar Larabar ƙarshe kafin hutun zafi, shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, Abla Samira mai koya mana Turanci ta shigo rungume da kwali, ta dire shi a kan tebur. Na'urar sanyaya ajin tana ta gurnani, tana ɗigar da ruwa cikin bokiti. Tsofaffin littattafan labari ne na Turawan Ingila, iri biyu. Ɗaya siriri ne mai jan bango da hoton keken doki. Ɗayan jibgege, shuɗi, an zana wata mace riƙe da lema a ƙofar wani gida, ruwa na zuba. Ta ce kowa ta zaɓi ɗaya. Jan mako guda ya ishe shi, sai a kawo shi ranar karɓar sakamako. Shuɗin kuwa na hutu ne baki ɗaya, sai an dawo sabuwar shekara za a mayar, a tsaya gaban aji a ba da labarinsa. Sannan ta ƙara da Larabci, idonta a kan kwalin, ba ta dubi kowa ba: "Wadda ba ta da tabbacin takardunta ta ɗauki ƙaramin, 'ya'yana."

Mu huɗu ne a bencin baya, kuma duk ajin an san da mu take. A Makka aka haife mu, amma zamanmu a rataye yake da igama, takardar izinin zama ta iyayenmu. Ta Babana saura wata biyu ta mutu, kuma sai kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya sa hannu za a sabunta ta. Ukun suka tashi sumui-sumui suka ɗauki jan. Ƙawata Rukayya ta mintsine ni a cinya ta ce, "Ke Hauwa, majanuniya ce ke? Ɗauki jan mu wuce." Ni kuwa abin da Baba ya faɗa da safe, yana kurɓar shayi, shi ne a kunnena: "Kafilina mutumin kirki ne, bai taɓa saɓa mini ba." Na miƙa hannu na ɗauki shuɗin. Abla ta rubuta sunana a katin da ke manne cikin bangon, ta buga hatimin makaranta.

Ɗaki biyu muke haya a saman wani tsohon bene a unguwar Hindawiyya. Umma hatsin tantabaru take sayarwa a Jarwal, ni ce mai ƙulla shi a ƙananan leda tun da hantsi har yatsuna su yi tsami. In tankar ruwa ta zo, ni ce mai hawa da jarka. Sai bayan la'asar, in rufin bene ya huce, nake shimfiɗa tabarma a inuwar tankin ruwa da littafina da wani ƙamus da bangonsa ya yage. Yara na 'yar carafke da duwatsu a gefena, tattabarun maƙwabta na sauka kan igiyar shanya. Shafi ɗaya sai ya cinye mini yammaci guda. Abin da ya fi ɗaure mini kai, kullum ruwa ake yi a cikin littafin nan, mutane na kukan sanyi, ni kuwa gumi na ɗiga a kan takardar. Umma in ta dawo sai ta ce, "Har yanzu matar nan ba ta shiga gidan ba?" Baba kuma, duk da bai san ko kalma ɗaya ba, yakan ce in karanto masa layi guda, ya gyaɗa kai kamar alƙali.

Na ɗan wuce rabi lokacin da kafilin Baba ya rasu. Magada suka rufe shagon ɗinkin da Baba yake aiki a ciki. Baba ya yi ta zarya har igamar ta mutu a aljihunsa. Ranar da aka koma makaranta na goge rigata, na sa littafin a jaka, Umma ta tare ƙofa ta ce, "Za su tambaye ki takarda, 'yar nan. Me za ki nuna?" Na cire rigar na ninke. Zaren ƙulla leda da na sa alama da shi yana nan a shafin da na tsaya. Ban ƙara gaba ba. Wa zan ba labarin?

Makon jiya, da hantsi, motocin kame suka toshe bakin lungunmu. Na haye rufi da gudu na maƙale bayan tankin nan, a daidai inda nake karatu a da. Ina jin ihun maƙwabciyarmu Hajiya Talatu, da aka fito da ita hannunta da kumfar wanki, tana roƙon a bar ta ta ɗauki maganinta. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in nufi matakalar rufi da gudu. Umma ta ce kowa ya haɗa 'yar jaka ya ajiye bayan ƙofa. Da ta ga na cusa littafin ta ce, "Wannan jibgegen me zai yi miki a Kano?" Ban taɓa ganin Kano, garin iyayena, ba, ban san abin da zai yi mini ba.

A da, tsorona kada in tsaya gaban aji Turancin ya ƙwace mini. Yanzu da a ce za a ba ni wannan tsoron, da gudu zan karɓa. Jiya na buɗe bangon na daɗe ina kallon katin. A duk garin nan da aka haife ni, ita ce kaɗai takarda mai hatimi da ke ɗauke da sunana ni kaɗai, kuma tana cewa ana jiran in dawo. Ita ma wa'adinta ya wuce tuntuni.