Malam Labbo da Maɗacin Tsafe

Ina tsugune a lambuna na bakin gulbi a Bungudu, ina jera ledojin dashe, wayata ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, shugabar ƙungiyarmu. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce, "Malam Isa, Malam Labbo ya rasu da asuba." Na yi salati. Can ta ce, "To ranar Litinin wa zai yi mana magana?"

Ku 'yan ƙungiya kun san wace Litinin take nufi. Akwai jerin tsofaffin itatuwan maɗaci a gefen wata hanya cikin garin Tsafe. Za a faɗaɗa hanyar, an bi su ɗaya bayan ɗaya an shafa musu jan fenti, alamar sara. Malam Labbo ya yi wani zane da ya nuna cewa in aka matsar da lambatu kaɗan, hanya za ta faɗaɗa, itatuwan kuma su tsira. Da ƙyar aka ba mu rana a ma'aikata a Gusau mu je mu yi bayani. Shi ne zai yi magana.

Duk wanda ya san shi ya san babur ɗinsa, da kwandon nan da yake ɗaure a baya. Ban taɓa ganin kwandon ba dashe a ciki ba. Biki, suna, ta'aziyya, duk da shi yake zuwa. Ranar sunan 'yata ta fari, mutane na kawo atamfa da sabulu, shi ya miƙo ɗan dashen ɗorawa a leda. Uwar gidana ta leƙo ta ce, "Baba, yaushe za mu ci daddawar wannan?" Ya ce, "Ke ba ki ci. Jaririya na kawo wa."

Shi ya kafa reshen ƙungiyar nan ta masu tsara filaye da lambuna a jiharmu. Ya haɗa masu ilimin zane irinsa, waɗanda ke tsara yadda za a shuka shataletale da harabar makaranta da gefen titi, da irinmu masu renon dashe. Ni karatuna bai yi nisa ba. Shi ya zo har lambuna ya ce in shigo. Amma sai da na bi ƙa'idar da kowa ke bi.

Ƙa'idar kuwa shi ya matsa aka sa ta a tsarin mulkinmu. Ko digiri nawa gare ka, ba ka zama cikakken ɗan ƙungiya sai an ba ka dashe ka shuka, ya tsallake rani da ransa. Wani Alhaji ɗan kwangila, ba zan faɗi suna ba, ya ji ana cewa nan gaba sai ɗan ƙungiya za a riƙa ba aikin ƙawata gari. Ya zo da babbar riga yana son shiga a ranar. Malam Labbo ya ciro tsamiya daga kwando ya ba shi, ya ce mu haɗu in ruwa ya sauka.

Da damina ta faɗi muka je gidan Alhajin dubawa. Muka tarar da itace ya kai ƙirji, ganye shar, an zagaye shi da bulo har da fenti. Malam Labbo ya zagaya shi, ya tsinki ganye ya sansana.

"Alhaji, gidanga naka akwai albarka."

"Alhamdu lillahi, Malam. Kullum sai an ba shi ruwa."

"Ai na gani. Tsamiya munka ba ka, ga ta har ta zama mangwaro."

Alhaji ya ce yara ne. Malam Labbo ya ce ai ya san yara ne, ya koma babur ya ciro wata tsamiyar. Kun san dai Alhajin nan yau yana cikinmu, kuma ba wanda ya kai shi faɗa in aka zo maganar sassauta ƙa'idar.

Taronmu kuma yawo yake yi, wata a Gusau, wata a Tsafe, wata a Bungudu. Sau da yawa an yi mana tayin zaure mai fanka, ya ƙi. Ya ce abin kunya ne masu sayar da inuwa su ari ta kwano. Ƙarƙashin itace muke shimfiɗa tabarmi. Kuma shi ke zaunar da mutane da kansa. Mun daɗe muna zaton girmamawa ce, sai daga baya muka lura cewa duk mai dogon bayani, a bakin inuwa yake ajiye shi, ta ɓangaren da rana za ta fara ci. Malam Haruna na Magami, wanda in ya ce "a taƙaice" sai mu gyara zama, shi ya fara ganewa. Wata rana yana tsakiyar jawabi, gumi na zuba, ya tsaya ya ce, "Malam Labbo, wai me ya sa kullum ni rana ke samu?" Ya ce, "Ba kai take nema ba, Haruna. Jawabin take jira ya ƙare."

Da wa'adinsa na biyu ya cika, muka haɗa baki za mu gyara tsarin mulki ya zarce. Da ya ji, sai ya hau babur ya bi mu gida gida yana roƙon kada a zaɓe shi. Ya zo wurina ya ce, "Isa, mutumin nan ya tsufa, ga taurin kai, ga shi ba ya jin shawara. In kunka maida shi, ku kuka da kanku." Na ce, "Wa kake nufi?" Ya ce, "Ni mana." Shi ya tsayar da Hajiya Rabi, ya ce ta fi mu duka iya zane, kuma ta fi shi haƙuri. Bayan an zaɓe ta ya koma cikin tabarma ya zama ɗan ƙungiya kawai. Daga ranar ba a ƙara kawo wata magana ba face ya ɗaga hannu. Hajiya ta taɓa ce masa, "Baba, da na sani da na bar maka kujerarka. Kana kai mun fi samun sauƙi."

Amma abin da ba wanda zai iya yi mana kamarsa shi ne shiga ofis. Mu in mun je, sai a ce mai gida yana taro, mu zauna a benci har a tashi. Shi kuwa dabararsa daban. Duk sabon jami'in da aka kawo, zai je yi masa murna da dashe, ya roƙi a bar shi ya shuka da hannunsa. Kuma ba ya shukawa ko'ina sai daidai tagar ofishin. Bayan nan sai ya riƙa zuwa da jarkar ruwa. Na raka shi wata rana, masinja ya tare mu a ƙofa.

"Baba, Darakta ba ya ganin kowa yau."

"Wa ya ce maka wurin Darakta naz zo? Iccena naz zo gaidawa."

Ya zagaya ya tsuguna ƙarƙashin taga yana ban ruwa, yana yi wa itacen magana da ƙarfi. "Sannu da haƙuri. Kai dai ka yi sa'a, an san da zamanka. 'Yan'uwanka na Tsafe an shafa musu ja, har yau ba wanda ya saurare mu." Bai kai ƙarshen jarkar ba taga ta buɗe. Darakta ya leƙo yana dariya ya ce, "Malam Labbo, don Allah shigo, kada ka tara mini jama'a." A ranar aka ba mu Litinin ɗin nan.

Zuwanmu Tsafe na ƙarshe tare, da hantsi muka je don mu dawo da wuri, saboda yanayin hanya. A lokacin jikinsa ya fara rauni, ni na tuƙa babur. Ya sauka ya bi jerin maɗacin a ƙafa, a hankali, yana dafa kowanne. Masu shayi da masu faci da ke sana'a a ƙarƙashinsu suna ta gaishe shi. Ya nuna mini wani babba daga ƙarshe, ya ce nan mahaifinsa ke zaunar da shi su jira mota in zai koma makaranta. Ya sa farce ya ɗan kankari fentin, ya duba yatsansa, ya ce, "Mai kyau sunka saya. Ko a nan ba su yi rowa ba." Muka yi dariya, muka hau babur muka kama hanyar Gusau.

Ranar Litinin mun je, ni da Hajiya Rabi da Malam Haruna. Masinja ya dube mu ya dubi bayanmu, ya ce, "Ina Baba?" Da muka faɗa masa, sai ya buɗe mana ƙofa. Hajiya ta shimfiɗa zanen a tebur ta yi bayani, kuma ta yi shi da kyau. Malam Haruna, wanda muke tsoron ya tsawaita, ya buɗe baki ya kasa. Darakta ya yi mana ta'aziyya, ya daɗe yana duban zanen, ya ce maganar ta fi ƙarfin ofishinsa shi kaɗai, sai kwamiti ya zauna da ɗan kwangila. Ya riƙe zanen. Ba mu san ko da Malam Labbo ne ya yi magana da amsar ta bambanta ba. Ni dai na san da shi ne, da bai fito daga ofishin nan ba sai da ranar zaman kwamitin a hannunsa.

Allah Ya jiƙan Malam Labbo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa mutane hanya. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, mu ma Ya ba mu.

Shekaranjiya na bi ta Tsafe. Itatuwan suna nan, ba a sare ba, ba a kuma goge fentin ba. Kwamitin bai zauna ba tukuna.