Akushi Biyu a Zauren Gidanmu

Ni ne na yi laifi, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya faɗa. Da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci nake wannan rubutu, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni. Ba wanke kaina na zo yi ba.

Abin ya faru a ƙauyenmu da ke gefen Kudan, shekara biyu ko uku bayan Turawa sun miƙa mulki. Mu huɗu ne manya a gida: Baba, da Yayana, da matarsa, sai ni. Innarmu ta riga mu gidan gaskiya. Baba kuwa ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yana kwance a ɗakinsa da ke bayan zaure, maganarsa na fita da ƙyar. Noman rake muke yi. Muna da fadama, da injin matsa wanda doki ke juyawa, muna dafa ruwan raken mu yi mazarƙwaila, fatake su zo da jakuna su kwasa zuwa kasuwar Makarfi. Na ce muna yi, amma gaskiya Yaya ne ke yi, shi da wani dattijon Bafillace da ke kora masa doki.

Ni a lokacin ban daɗe da dawowa daga Zariya ba, inda na zauna shekara biyu gaban wani malami. Karatuna bai yi nisa ba. Amma akwai magana guda da ta shige ni ƙwarai: cewa Allah bai halicci ɗan Adam don komai ba sai don ya bauta masa. Maganar gaskiya ce, har gobe ina kanta. Ni ne na ɗauke ta na matse ta har ta koma daidai faɗin tabarmar masallaci. A ganina duk wanda ba ya cikin sahu, to duniya yake bauta wa. Sai na tare a masallacin ƙauyenmu. In yi asuba in zauna wuridi har hantsi, in leƙa ɗakin Baba daga bakin ƙofa in ce ina kwana, in karya kumallo da abin da ban noma ba, in koma.

Yaya ba ya zuwa jam'i. Shekara uku ba a gan shi a sahu ba sai ranar Juma'a. Abin da ya fi ci mini rai, hanyarsa daga fadama zuwa gida ta ƙofar masallaci ta bi. Kullum ana kiran azahar sai ga shi da sauri, ƙafafu baƙi ƙirin da toka, riga na danƙo da ruwan rake, ya yi sallama ya wuce bai tsaya ba. Ni kuwa na ɗauka tuwo da inuwa yake yi wa sauri. Mutane kan ce mini, "Malam, ka gyara gari ka bar gida?" Wasa suke yi, amma ni yana sukata.

Wata rana muna zaune gindin cediyar ƙofar masallaci muna jiran liman, sai ga shi ya taho. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Jama'a, ku ba shi hanya. Mu an halicce mu don bauta, shi kuwa don kaskon mazarƙwaila aka halicce shi."

Samari suka yi dariya. Dattawa suka sunkuyar da kai. Yaya ya tsaya, ya dube ni, ya girme ni da shekara tara, shi ya goya ni zuwa fadama ina ƙarami. Ya ce, "To, Malam. Tunda kai ka samu wuri, ka riƙa sa mu a addu'a." Ya wuce.

A gidanmu tun muna yara akushi ɗaya muke ci ni da shi, a zaure, bayan magariba. Ranar matarsa ta aiko da akushi biyu. Ya ja nasa ya juya gefe. Bai zage ni ba, bai hana ni ci ba, gaisuwa ma yana amsawa. Amma daga ranar akushi ya zama biyu. Ni kuma na gaya wa kaina cewa ɗacin gaskiya ne ya ji.

An yi kamar wata guda a haka, sai tsautsayi ya same shi. Babban kaskon ƙarfen da ake dafa ruwan rake mutum biyu ke sauke shi daga murhu, da sanduna biyu. Sandarsa ta zame, tafasasshen ruwan ya zubo masa a ƙafar hagu tun daga ƙwauri. Aka ɗauko shi a kan jaki aka kwantar a ɗakinsa, can cikin gida. Da yamma ya sa aka kira ni. Ya ce, "An sare rake, in ya kwana biyu zai yi tsami. Gobe ka kama aiki." Na ce to. Har na juya ya ƙara da cewa, "Da azahar ka duba Baba." Na ce ai kullum ina gaishe shi. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya ga matarsa na tsaye, ya fasa. Ni ma ban tambaya ba.

Washegari ban fasa wuridina ba. Sai da rana ta ɗaga na isa fadama. Bafillacen nan na zaune kan tulin tuƙar rake, doki na cin ciyawa. Ya ce, "Malam, sannu da isowa. Yayanka da an sallame asuba yake hura wuta. Ka ga wancan turken da wancan dutsen? Kafin inuwar turke ta taɓa dutse kaskonsa ya sauka. Naka kam sai dai Allah."

Na ce, "Kai dai kora doki."

Ya ce, "Ni da doki ai tun ɗazu muke jiran malamai."

Muka matsa, muka cika kasko, na hura wuta, ina kwashe kumfa da ludayi. Ruwan ya fara kauri yana jan zare, sai na ji kiran azahar. Na ajiye ludayi. Bafillacen ya ce, "Ina za ka? Yanzu ne ba a barinsa." Na ce sallah ta fi kasko, ya tsare mini. Ya ce, "Hannuna biyu ne, Malam, kaskon nan hannu huɗu yake so. Mu sauke shi mu yi sallarmu a nan, lokaci ai da saura." Ban saurare shi ba. Na tafi na samu sahun farko, na yi nafiloli a natse. Ina dawowa tun daga nesa na ji ƙauri. Aikin kwana biyu na sara da dako ya zama baƙin dutse a gindin kasko. Na zauna ina kankarewa ina ƙunƙuni har aka kira la'asar, na sake komawa masallaci. Maganar Baba ko sau ɗaya ba ta faɗo mini ba.

Da na shiga gida rana ta yi sanyi. Na tarar da matar Yaya tsaye nesa da ƙofar ɗakin Baba, ta rufe baki da mayafi tana kuka. Suruka ce, ba ta shiga ɗakin nan, ko sunansa ba ta faɗa. Ta nuna mini ƙofar da hannu kawai.

Na ɗaga asabari. Wari ya fara tarye ni. Yaya na zaune a ƙasa gefen gado. Da gindi ya jawo jikinsa tun daga ɗakinsa, ya ratsa tsakar gida, tsumman da aka ɗaure masa ƙafa ya kwance, ƙasa ta manne a ƙunar. Buta ta kife. Ya yi ta ƙoƙarin ɗaga Baba ya kasa, saboda ba ƙafar da zai dogara. Baba na kwance cikin abin da ya fita daga jikinsa, fuskarsa na kallon bango. Da ya ji motsina ya ce a hankali, "Azahar ta wuce ni, ɗan nan. Ba wanda ya juya ni gabas."

Yaya bai dube ni ba. Ya ce, "Saki asabarin. Ɗebo ruwa mai ɗumi, akwai a murhu. Zane mai tsabta yana cikin wancan kwando."

Shi yana faɗa, ni ina yi. Yadda ake sa hannu a ƙarƙashin kafaɗar da ta mutu. Yadda ake rufe shi da zane ana wanke shi, don kada ya ji an tsiraita shi. Yadda ake yi masa alwala gaɓa gaɓa, a bar masa hannun hagu ya shafi kansa da kansa, domin yana son ya yi wani abu da ƙarfinsa. Yadda ake jingina shi da bango a tokare da matashi, a juya shi gabas. Ni da na karanta babin alwala har na haddace, sai ga shi ni ake koya wa. Da muka gama Yaya ya yi taimama a inda yake zaune, ya ce, "Kai ne malami, ja mu. A da ni nake jan mu, bisa lalura."

Na tsaya gaba, su biyu a zaune, suka rama azahar, suka yi la'asar. Ina ji Baba na bin kabbara da rabin bakinsa. A nan na san inda Yaya ke sauri shekara uku. Sau biyar a yini. Duk aikin fadama ya tsara shi ne a kan wannan ɗaki: kaskon farko ya sauka kafin azahar, tsakanin azahar da la'asar sara da matsa kawai, abin da ake iya bari a dawo. Maƙwabtanmu kasko uku suke dafawa a yini, shi biyu.

Bayan kwana biyu na tare liman, tsoho ne abokin Baba, na ce, "Allah gafarta Malam, ashe ka sani? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Ɗakin a gidanku yake, ba a gidana ba." Ya ƙara da cewa, "Da yayanka ya amsa maka ranar nan, da sai ya gaya wa duk garin nan halin da mahaifinku yake ciki. Ya zaɓi a yi masa dariya shi."

Daga nan na karɓi aikin duka biyu, fadama da ɗaki. Na koyi duba inuwar turke. Na gane cewa wanda ya halicce ni don in bauta masa shi ne ya ajiye mini uba a bayan zaure, taku goma daga inda nake cin tuwo, na tsallake shi ina neman lada a waje. Sallar jam'i ba laifi ba ce, alheri ce babba. Laifin nawa ne, da na mai da ita wurin ɓuya daga wahala, kuma sandar dukan ɗan'uwana.

Amma ga wani laifin kuma. Duk da na gane, ban ba shi haƙuri ba. Na ce a raina ai aikina ya isa magana. Ina wanke masa ƙafa, ina shafa masa magani, muna zancen rake da doki. Akushi dai biyu ake kawowa. Kusan kwana arba'in ina haka, girman kai ya riƙe mini harshe. Ina jin kunyar samarin da suke ce mini Malam.

Baba ne ya karya ni. Jikinsa ya fara ja baya, abinci sai kunu cokali biyu. Wata azahar na gama yi masa alwala, ya riƙe mini hannu da hagunsa ya ce, "Daga nan ina jin ƙarar akushi. Biyu ake ajiyewa." Ya ce, "Kada ku bar ni in tafi a haka."

Ranar ce kuma Yaya ya fara takawa da sanda. Tunda ina ɗakin, ya lallaɓa ya tafi jam'i, azaharsa ta farko a sahu cikin shekara uku. Na ja Baba sallah, na gyara masa kwanciya, na fita. Na same su sun fito suna zaune gindin cediya, mutanen ranar nan kusan duka, Yaya a gefe ya miƙe ƙafarsa mai tabo. Wani saurayi ya ce, "A'a, yau Malam ne ya rasa jam'i?" Ban kula shi ba. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na je gaban Yaya na durƙusa.

Na ce, "Jama'a, a nan na ci mutuncin yayana kuna ji, shi ya sa na zo nan. Abin da na faɗa a kansa ƙarya ne da jahilci. Akwai abin da yake yi wanda ba zan faɗa ba, tunda shi ma bai faɗa ba, amma duk zaman da na yi a masallacin nan shi ne ya ɗauke mini nauyin da ke kaina. Yaya, na ci abincinka na zage ka. Na zalunce ka, kuma na daɗe da sani na ƙi faɗa. Don Allah ka yafe mini."